Litinin Ɗin da Baba Ba Ya Son Jin Labari

Amagasaki,
Tsakiyar Janairu.

Zuwa ga Goggo Natsuko,

Gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa daga 'yar yayanki Kozue, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Kawu Russell da 'yarku Emi. Ranar sabuwar shekara da muka je wurin bauta na roƙa miki sauƙin ciwon kafaɗar nan, na kuma roƙi Allah ya sassauta muku sanyi a can Amurka, don hoton ƙanƙarar da kika turo har bakin taga ya sa Kaka ta ƙara bargo, ita da take zaune a ɗaki. Mu nan lafiya lau muke. Kaka tana yini da ƙafafunta a ƙarƙashin teburin ɗumi tana ɓare lemo, ta ce gwiwarta ta fi mai hasashen yanayi na talabijin faɗin gaskiya. Mama ta warke daga murar da ta sha fama da ita. Yaya Hinako ta zo daga Osaka ta yi mana kwana biyu, ta cinye rabin wainar shinkafar da aka yi ta koma. Shagon taliya yana nan yadda kika san shi, sai dai mai takalman da ke gefenmu ya rufe nasa, yanzu layinmu na kasuwa ya ƙara duhu da yamma. Ni kuma makaranta sai a hankali, lissafi yana nan yana ba ni wuya.

Ƙunshin da kika aiko ya iso lafiya, mun gode ƙwarai. Kaka ba ta cire safar da kika aiko mata ba tun ranar. Littafin da kika sa mini na karanta shi da ƙamus a gefe, kuma na yi kuka a wurin tashar jirgin duk da rabin kalmomin ban gane su ba. Rigar wasa mai lamba da kika saya wa Baba kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba, tana saman kabad a cikin ledarta. Ya juya ta ya karanta lambar, ya ce kyakkyawa ce, ya ce in rubuta miki godiya, ya ajiye. Kin san ni ba na iya magana a waya, saƙon waya kuma sai in rubuta in goge har in haƙura. Shi ya sa na ɗauko takarda, don abin da biro ya rubuta ba ya goguwa.

A katinki kin ce Kawu Russell yana gardama da abokansa cewa duk duniya ana kallon wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, kuma yana so in gaya masa yadda ake ji da shi a nan. Ki ba shi haƙuri, amsar ba za ta yi masa daɗi ba. Ban ce babu masu so ba. 'Yan jami'a suna bugawa har yanzu, Baba yana zuwa kallonsu a watan Disamba ya dawo muryarsa a dishe, kuma Yaya Hinako ta ce akwai wuraren shan shayi a Osaka da suke cika da safiyar ranar. Amma a ajinmu ban san mutum ɗaya da zai iya faɗin sunan ƙungiya guda ba. A labaran yamma sai an gama nuna 'yan wasan besbol suna miƙa a sansanin horo, an nuna wanda ya yi aski da wanda ya ƙara ƙiba, sannan a ce af, an kuma yi wasa a Amurka, kafin ki kai kofi baki an wuce. A layinmu dai mai kallo ɗaya ne, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Kin san tsarin gidanmu na ranar, tunda Kaka ta ce ke kika fara gadin tun ba a haife ni ba, amma bari in gaya miki yadda ya koma. Wasan yana faɗowa da safiyar Litinin a wurinmu, lokacin da Baba yake tsaye a kan tukunyar romo. Sai ya naɗa shi, ya rufe shago da wuri, abokan da suka buga tare a jami'a su zo su kalla tamkar a lokacin ake yi. Sharaɗin ɗaya ne, kada sakamako ya shiga kunnen kowa kafin nan. Tun ina firamare aka miƙo mini gadin. Ni nake karɓe wayarsa da safe in tafi da ita makaranta a jakata, ni nake manna takarda a ƙofa cewa don Allah kada a yi zancen wasan, ni nake tare jaridar yamma in tura ta ƙarƙashin buhun gari. Mama kuma ta zare wayar talabijin ɗin shago. Da ina ƙarama ji nake kamar babban aiki aka ba ni. Sai da na girma na lura cewa duk shekarun nan ba a taɓa samun wanda ya yi ko yunƙurin faɗa ba. Masu cin taliya su karanta takardar su ce wane wasa, ai an gama kokawar sumo. Wata tsohuwa da ta ga talabijin a kashe har ta rage murya ta tambayi Mama ko rasuwa aka yi. Na zama kamar jarumin da aka sa gadin gimbiya a littafi, ya kwana da takobi a ƙofa, alhali babu wanda yake da niyyar sace ta.

Sai bara. Ranar an ba mu hutu saboda ana jarrabawar shiga makarantarmu, ina bayan kanta ina wanke kwanuka, wayar Baba tana aljihuna. Ba wanda ya tuna da wayar shago, wadda ake kira a yi odar abinci. Ta yi ƙara, Baba ya goge hannu ya ɗauka ya ce taliyar Hamaguchi, me za a kawo. Daga inda nake na ji muryarki, Goggo, kina ihu kina cewa kun ci, garinku ya ci. Na san ba da gangan kika yi ba, murna ce ta kwashe ki, kuma na ji lokacin da kika tuna kika fara ba da haƙuri. Abin da ba ki gani ba shi ne fuskarsa. Ya rusuna wa wayar kamar yadda yake yi wa baƙon da bai sani ba, ya ce ba komai, yana taya ku murna. Sannan ya ce ki ɗan miƙa wayar waje ta taga, kin tuna? Ya tsaya da ita a kunne, ni ma ina jiyowa sama-sama, hon ɗin motoci, da ƙarar wasan wuta, da mutane suna waƙa a titi kamar garin gaba ɗaya ya fito. A gabansa kuwa mutum uku ne suna zuƙar taliya, kowa ya sunkuya a kan kwanonsa. Taliyar da ke kan wuta ta narke, ya zubar ya sa wata. Da ya zo wucewa ta bayana ya ce mini a hankali, “Ashe haka wasan yake a inda yake da gida.”

Ke kin ɗauka fushin sakamakon yake yi, shi ya sa kike ta aiko da saƙon ban haƙuri shi kuma yana amsa miki da kalma biyu. Ni a ganina ba fushi ba ne. Shekara da shekaru yana tsare wannan rana kamar duk duniya tana riƙe da sirrin a baki, sai ya ji da kunnensa yadda duniyar take idan da gaske ta damu, ya waiwaya ya ga namu layin. Kunya ce ta kama shi, kuma a gaban ƙanwarsa.

Da yammar ranar mutum biyu ne suka zo. Da can Mama ta ce har kan akwatunan lemo ake zama, amma wasu sun mutu, wasu sun ƙaura, wasu matansu sun hana. Saura tsoho Kuwabara da Morishita mai aski. Baba ya ja ni da Mama gefe ya ce duk wadda ta nuna a fuska cewa an sani, ita da shi. Aka kawo soyayyen kifi da wake, aka kunna. Morishita ya fara tsokanar da yake yi kowace shekara, ya kira Baba da laƙabinsa ya ce Katanga, shekara huɗu kana wasan ƙwallo ba ka taɓa taɓa ƙwallon ba, aikinka ture ƙatti kawai. Baba ya ce gara shi, wani da aka miƙa masa ƙwallon a hannu ai yar da ita ya yi ya gudu da iska. Kuwabara ya rantse cewa ƙungiyar garinku ba za ta kai labari ba, ya ce mai jefa musu ƙwallon hannunsa kamar dafaffiyar taliya. Ni ina lungu da littafina a cinya, amma Baba nake kallo. Ya yi tsaki inda ya kamata, ya dafe kai inda ya kamata, ya ce shi kenan an gama da su. Sai a jefa ta ƙarshe ya miƙe tsaye tun ƙwallon tana sama, kafin a cafe. Kaɗan ya riga, amma na gani.

Da aka tashi ana yayyafi, Mama ta ce in raka Kuwabara tashar bas da lema. Muna tafiya yana jan ƙafa, sai ya yi dariya ya ce, “Kozue, ni fa tun rana na sani, jikana ne ya turo mini. Kada ki gaya wa babanki, ba ki ga yadda ya yi tsalle ba?” Na ce to. Me zan ce? Su biyu kowa ya yini yana yi wa ɗan'uwansa wasan kwaikwayo don kada ya ɓata masa rana. Wanda bai sani ba da gaske Morishita ne kawai, shi kuma tun tsakiyar wasan barci ya ɗauke shi, bakinsa a buɗe. Na dawo gida ni kaɗai da lema, na tarar Baba yana tattara faranti yana cewa bana ma an yi lafiya, Kuwabara ya ji daɗi. Kusan shekara guda ke nan ina ɗauke da wannan, ban gaya wa kowa ba sai ke yanzu. A littattafan da nake karantawa idan mutum biyu suka ɓoye wa juna abu saboda ƙauna daɗi yake yi. A zahiri gajiya ce kawai.

Da lokacin kaka ya shigo Kuwabara ya koma wurin 'yarsa a Kagoshima. Morishita kuma an yi masa aikin ido, ya ce wa Baba gaskiya shi dama kifin da hirar ne suke kawo shi, ba zai iya zama gaban allo ba bana. A watan jiya Baba yana goge kanta ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, bana ba sai an rufe da wuri ba, a bar talabijin ɗin a kunne, idan an faɗa a labarai ya ji. Mama ta ce to madalla, an huta, amma ta shige kicin ta daɗe tana wanke tukunyar da na riga na wanke. Goggo, kin san Baba. Daga gida sai shago, daga shago sai gida, hutunsa na mako barci ne. Wannan ce rana ɗaya a shekara da nake ganin haƙoransa na ciki idan yana dariya. Idan ya bar ta ta wuce sau ɗaya, na san ba zai sake ɗaukar ta ba.

Na gwada in zama mai kallon da kaina. Na ce ya kunna mini tsoffin wasanni ya koya mini, ya kuwa yi murna. Amma wasan nan tsayuwarsa ta fi tafiyarsa yawa, a yi gudu kaɗan a faɗi a taru a tashi. Wurin da ya fi burge ni shi ne inda suke haɗa kai a da'ira suna raɗa, sai in tafi tunanin me suke faɗa wa juna, ko akwai wanda zuciyarsa take wani wuri. Kafin in dawo an ci maki ban gani ba. Na tambaye shi ko mai jefa ƙwallon yana da aure, ya dube ni ya yi dariya har da tari, ya ce ke dai 'yar Mama ce. Yana yi mini bayani da haƙuri, amma bayani daban, kallo tare daban. Shi wanda zai yi ihu lokaci ɗaya da shi yake buƙata, ba wadda zai tsayar da hoto ya nuna wa layi da tsinken cin abinci ba.

Har wani abu na yi wanda ban taɓa zaton zan iya ba, kada ki gaya wa Yaya Hinako. Akwai wani Aoyagi da muke jera littattafai tare a laburaren makaranta. Tun bazara muke aiki kafaɗa da kafaɗa, maganar da ta taɓa haɗa mu ba ta wuce sannu da miƙo mini wancan ba. Yana da dogayen yatsu, kuma yana shafa bayan littafi kafin ya mayar da shi. Na yi mako ina bitar abin da zan ce. Ran nan na rufe ido na tambaye shi ko yana kallon ƙwallon Amurka. Ya ce zari-ruga? Na ce a'a, ɗayan. Ya ce oho, na masu hular kwano, ya ji an ce tsawo ne da shi kamar bikin yaye ɗalibai. Ya ba ni haƙuri kamar ya taka mini ƙafa, ya ci gaba da jera littattafansa. Na jira ko zai waiwayo a bakin ƙofa, ko a yi ruwa ya biyo ni da gudu. Ko hadari babu ranar.

To ga abin da nake roƙo, kuma na san ba ƙarami ba ne. Kaka ta ce ke kike ɗaukar wasannin Baba a jami'a da kyamara a kafaɗa, kin san dokokin fiye da rabin 'yan wasan, kuma daga saman benci kike zagin alƙali har Baba yana jin muryarki a fili. Ina so bana ki ƙi kallon wasan a lokacinsa. Ki sa a naɗa miki, ki haura sama ki kwanta da wuri, ki kashe waya, ki toshe kunne da auduga. Idan Baba ya jinkirta zuwa bayan cin abincin dare, ku asubahin Litinin ce. Sai in jingina wayata da kwalbar miya a kan kanta ta fuskance shi, ku ƙirga tare ku danna tare, ku kalla ba wanda ya san abin da zai faru. Na san gidanki zai cika da abokan Kawu Russell da fukafukan kaji, na san za su yi miki dariya, na san bango ba zai tare ihunsu ba, ga hon ɗin titi, ga aiki da za ki makara. A nan rashin sani kyauta ne, ko ba ka nema ba za ka samu. A wurinku ne yake da tsada. Ki sa Emi ta tsare miki ƙofa, ita dai gadinta na gaske zai zama. Kyauta kuwa kin aiko, haƙuri kin bayar, duk ya karɓa ya ajiye a saman kabad. Wannan ne kaɗai nake ganin ba zai iya ajiyewa ba.

Amma sharaɗi ɗaya, Goggo. Idan sakamakon ya shiga kunnenki, ko ta tsagar ƙofa ce, ki gaya mini gaskiya mu fasa. Ba zan iya sake zama a lungu ina kallon mutum biyu suna yi wa juna ƙaryar mamaki ba.

Akwai kuma abin da dole in gaya miki. Ban jira amsarki ba. Shekaranjiya ana rufe shago bakina ya suɓuce na ce wa Baba ya naɗa wasan bana, akwai mai zuwa. Ya tsaya da tsintsiya a hannu ya ce wa? Fuskata ta ɗau zafi har kunne. Ya daɗe yana kallona, sai ya gyaɗa kai a hankali kamar ya gane wani abu, ya ce to, in ce wa yaron ya zo da yunwarsa. Ban gyara masa ba. Mama tana ta satar kallona tana murmushi, Kaka har ta tambaye ni ko yana da tsayi. Jiya da na dawo daga makaranta na tarar da shi ya jera kwalaben barkono da na gishiri a kan kanta, sahu biyu suna fuskantar juna, yana tura ɗaya da yatsa yana magana shi kaɗai, yana gwada yadda zai yi wa baƙon bayani ba tare da ya gundure shi ba. Ya tambaye ni ko baƙon ya san wani abu game da wasan ko daga farko za a fara. Na ce ya ɗan sani.

Don Allah da zarar kin karanta ki turo mini saƙo a waya, ko da kalma ɗaya ce. Idan a'a ce zan fahimta, sai in nemi yadda zan gaya masa tun kafin ya sayo kifi.

Ki gaishe mini da Kawu Russell, ki ce ina ba shi haƙuri zan ɗauke masa mata a ranar da ya fi so. Ki gaishe da Emi, na ga hotonta da sabon gashin, ya yi mata kyau. Kaka tana gaishe ki, ta ce ki daina fita ba ɗankwali a wannan sanyi. Mama tana gaisuwa, Yaya Hinako ma haka. Baba bai san ina rubutu ba, amma da na tambaye shi da safe ko yana da saƙo idan na yi magana da ke, ya ci gaba da yanka albasa, can ya ce in tambaye ki yaya kafaɗar.

Allah ya ƙara lafiya, ya sada mu da alheri.

Taki mai jiran amsa,
Kozue